Maganaɗisun Yaya

Yayana dillalin motoci ne, shekara talatin da ɗoriya yana sana'ar. In ka shiga filin da ake sayar da tsofaffin motoci ka ce kana neman Mai Ƙarfe, ko mai shara zai nuna maka bencinsa. Ƙarfen kuwa ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da ya ciro daga sifikar tsohon rediyo, ya naɗe a hankici don kada ya kankare fenti. Duk motar da za ta bi ta hannunsa sai ya zagaye ta da shi, ƙofa bayan ƙofa, har rufi. Inda ƙarfen motar na asali ne sai ya kama. Inda aka taɓa bugewa aka cike da fila, kwaɓin da ake toshe lotsawar mota da shi, aka fesa fenti, sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Shi kuma Yaya sai ya juyo, a gaban mai motar, ya ce wa mai saye, "Nan ta sha duka. In za ka saya, ka saya da saninka."

Sauran dillalai kamar su shaƙe shi. Ni ma ban bar shi ya huta ba. Nakan ce, "Yaya, sa'anninka sun gina benaye, kai kana nan a ɗaki biyu kana ta shafa motoci kamar likita." Sai ya yi dariya ya ce, "To ke, kin taɓa jin an biyo ni gida da sanda?" Gaskiyarsa. Ba shi da komai sai wannan suna, amma mutane daga nesa suke zuwa, su ce in Mai Ƙarfe ya ce saya, rufe ido ka saya.

Ni ɗinki nake yi. Autana ya shekara bakwai yana tuƙa motar haya ta wani, ga mata ga jaririya, ya gaji da bautar mutane. Da ya ce zai sayi tasa, na sayar da kekena na zubi, mafi kyau a shagon, na haɗa masa. Na ce, "Tafi wajen kawunka, kada ka saurari kowa."

Motar da suka samu ta Dogo ce, abokin Yaya tun suna samari, benci ɗaya suke zama. Fara sol, injin lafiya lau. Auta ya dawo bakinsa har kunne. Na ce, "Kawunka ya duba?" Ya ce, "Haba Umma, shi ya miƙo mini makulli da hannunsa." Sai hankalina ya kwanta.

Wata biyu da kwanaki, da rana tsaka, Auta ya sauke fasinjoji yana dawowa shi kaɗai, ya faɗa wani rami. Ramin da kowace mota ke faɗawa ta fita. Tasa sai ta dare gida biyu daga bayan kujerar direba. Ashe motoci biyu ne da suka yi haɗari, aka yanko gaban wannan da bayan waccan, aka haɗa da walda, aka lulluɓe da fila. Wayyo Allah! Auta ya rayu, amma ƙafar dama daga gwiwa aka yanke, ƙafar da yake taka birki.

Dogo ya zo asibiti yana rantsuwa shi ma haka ya saye ta. Ko da gaske ne, Allah ya sani. Ni dai har yau in na hango shi sai in tsallaka titi.

Yaya kuwa kullum yana asibitin, a tsaye bakin ƙofa, bai taɓa zama ba. Auta zai ce, "Kawu, shigo mana." Sai ya ce, "Ina nan." An gaya mini ya je inda aka jibge motar, ya ciro hankicin ya ɗora a kan ginshiƙin ƙofa, abin ya faɗi. Ya ɗauka ya ɗora a rufi, ya sake faɗuwa. Daga ranar bai ƙara taka filin motoci ba. Masu saye suna biyo shi har gida, ya ce su nemi wani.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi fushin da ko sunansa ba na son ji. Amma ban tambaye shi komai ba, don ina tsoron amsar.

Bayan shekara guda matarsa ta zo shago ta ce, "Ki zo ki ga yayanki, ya daina cin abinci." Na je na same shi a bakin gado, riga ta yi masa yawa, maganaɗisun a manne jikin ƙarfen gadon. Muka gaisa kamar baƙi. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Yana aljihuna ranar. Na ciro shi ma. Sai Dogo ya ce, 'Haba Mai Ƙarfe, shekara arba'in, ni ma sai ka sa mini?' A gaban mutane. Sai na ji kunya na mayar."

Na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Motocin baƙi, waɗanda ban san ko sunansu ba, ban taɓa tsallake ɗaya ba. Sai ta ɗanki."

 Na jawo kwanon da ke gabansa na buɗe, na ce, "Yaya, ci abinci." Ya sa hannu ya ci loma biyu don ni, hawayensa na zuba a ciki.