Ƙosan Hajiya Suweiba a Ɗakin Taro

Ƙarfe shida na safe Hajiya Suweiba take fara aiki a benenmu na unguwar Mount Hope. Daga hawa na shida take saukowa da bokitinta, tana goge matakala ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa nake so a san abin da ta yi a azumin 2015.

Lokacin ne kwamitin masu gidajen benen ya kawo doka: wanda ba ya zaune a gidansa, ba zai ƙara ba da shi haya ba. Maƙwabcinmu Malam Yacouba ya koma Maraɗi jinyar mahaifiyarsa, ya bar wa Zalia gidansa haya, ita da marayunta biyu. In dokar ta wuce, sai su kwashe kayansu.

An sa taron ƙuri'a ƙarfe takwas na yamma, kuma waɗanda suka halarta kaɗai ake ƙirgawa. Ba mugunta kwamitin ya yi ba, bai san cewa a ƙasar nan wajen lokacin ake shan ruwa a azumin shekarar ba ne. Mutanenmu kuwa kowa ya ce ba zai bar buɗa-baki saboda taro ba.

Hajiya ba ta da gida a benen, ba ta da ƙuri'a, kuma kwamitin ne ya ɗauke ta aiki. Duk da haka ta dama koko, ta soya ƙosai, ta jera a ɗakin taro, sannan ta bi ƙofa-ƙofa.

Alhaji Issoufou mai tasi ya ce, "Haba Hajiya, mutum da azumi a baki ya je sauraron Turanci?"

Ta ce, "Alhaji, ƙosai na ƙasa. Ka ci, ka ɗaga hannu, ka wuce masallaci. Ko hannun ma azumi yake?"

Masu gida goma sha huɗu suka sauko. Shugabar kwamitin ta dakata har aka sha ruwa, ita ma aka miƙa mata koko. Alhajin nan da ya yi gardama shi ya miƙe ya ce, wanda ya tafi jinyar uwarsa bai kamata a hukunta shi ba. Dokar ta faɗi da ratar ƙuri'a uku.

Hajiya, ke ce kika lura da abin da mu masu karatu muka tsallake. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka.

Ku kuma maƙwabta, in an turo takardar taro ta ƙarƙashin ƙofa, ku karanta, ku sauko. Zalia har yau tana hawa na huɗu ne saboda mutum goma sha huɗu sun sauko.