Rigar Hoto

Uwar Aljihu ake ce mata a layin teloli, don ko zani ka kawo mata sai ta nemi inda za ta liƙa masa aljihu. Shekara ashirin tana kan keken ɗinki, kuma duk shekarun nan da tsoro ɗaya take kwana take tashi. Mijinta ma'aikacin lantarki ne, mai hawa turakun wuta.

Tsoron ne ya sa ta ƙirƙiro rigar. Falmaran ce mai kauri, da gurbin filaya, da na sukundireba, da maɗaurin sifana, da aljihun waya a ƙirji. A kafaɗa kuma ta ɗinke wata 'yar na'ura da ƙanenta mai gyaran rediyo ya haɗa, wadda ke tsala ƙara in ta kusanci waya mai wuta. Shekara biyu maigidan yana sa ta, har ya saba: in kafaɗa ta yi shiru, sai ya kai hannu.

Da aka ba ta shawara ta yi wa rigar rajista kada wani ya kwaikwaya, ofishin ya nemi hoto. Ita kuwa ta maigida ta sha maiƙo da zufa, abin kunya. Sai ta ɗinka sabuwa fil don hoto kawai. Na'ura ɗaya ce da su, saboda haka a kafaɗar sabuwar ta sa kwanson banza, ba komai a cikinsa. Takardar ta fito da hatiminta, aka rataye ta a falo, rigar hoton a ƙusa kusa da ita. Ba ta taɓa gaya masa kwanso ne ba, don ba ta ga dalili ba.

Ran nan da hantsi tana guga, ta ɗauko tsohuwar rigar daga bayan ƙofa za ta kakkaɓe. Tana matsowa kusa da soket, kafaɗar ta fara ƙara. Ta dubi ƙusar falo. Wayam.

Ta kira wayarsa, sai ga wayar tana ruri a aljihun rigar da ke hannunta. Mutumin nan ya kwashe filaya da sifana ya zuba a sabuwa don ya yi wa abokan aiki burga, ya manta waya.

Da takalmi wari-wari ta fita, tsohuwar rigar a hannu, ta tare babur. Ta ji ya ce yau aikinsu a bayan asibiti ne. Duk hanya tana ce wa mai babur ya ƙara wuta, addu'ar ma ta kasa haɗa ta.

Ta hango shi can saman turke, sabuwar rigar tana ɗaukar ido. Abokin aikinsa na riƙe da tsani, yana ganinta ya ce:

"Yaya, lafiya? Ai an kashe layin tun safe."

Ta so ta ƙwala wa maigidan kira, amma tana tsoron kada ya firgita ya zame. Tana ganin hannunsa yana miƙewa zuwa wayar wuta. Sai ta ɗaga tsohuwar rigar ta manna ta a jikin wayar wutar da ta sauko ta gefen turken.

Na'urar ta tsala ƙara. Hannun ya tsaya cak. Ashe wani ya tada janareta, wutar ta koma kan layi ba wanda ya sani.

Ya sauko a hankali. Ya dubi kafaɗarsa, ya dube ta.

"Wannan ba ta yi ƙara ba."

"Ba komai a ciki, Baban yara. Ta hoto ce."

Ita ta cire masa rigar da hannunta, ta ciro almakashi daga aljihun zaninta, ta zauna nan bakin kwalbati tana kuka tana yanka ta gunduwa-gunduwa.

Takardar tana nan a falo har yau. Ƙusar da ke kusa da ita kuwa ta cire ta, kuma kowace safiya sai ta kai kafaɗar rigarsa bakin soket ta ji ƙarar da kunnenta kafin ta bar shi ya fita.