Gyaran Baba Labaran Mai Kananzir

Da an idar da sallar asuba, Baba Labaran kan garo duronsa daga zaure, ya ɗora a amalanke, ya tura har gindin tsamiyar nan ta bakin hanyar Yasore, can bayan kasuwarmu. Ya share wurin, ya jera kwalabe, ya goge mazurari da tsumma, sannan ya jingina rediyonsa a jikin saiwa ya ja eriya. Kafin rana ta take, benci ya cika. Wasu kananzir suka zo saya. Wasu kuwa, irina, gardama ce ta kawo mu. Bana gwiwa ta ƙi, ya ajiye mazurari bayan shekara talatin, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa waɗanda ba su san shi ba ko wane ne.

Ba a gindin tsamiya ya fara ba. Yana da rumfa a tsakiyar kasuwa, ta gado, inda mahaifinsa ya yi cinikin man gyaɗa. A shekarar da aka samu 'yancin kai ya fara kawo kananzir cikinta. Yadda aka yi ya rasa rumfar nan, da hannuna a ciki, kuma yau zan faɗa.

Ni, Uwaisu, na zo garin nan ina saurayin malamin firamare, da wando mai kari da kai cike da jarida. A rumfar Baba Labaran na tarar da majalisar da ta fi ƙarfina. Ana gama labaran duniya za a rage murya, sai a shiga rabon ƙasashe. Mahauta su zo da wuƙa a hannu, Hamma Bafulatanin ƙauyen Babban Duhu ya dogara sanda, kowa da ƙasar da yake karewa, alhali rabinmu ko Katsina ba mu taɓa wucewa ba. Mun sasanta Larabawa da Turawa a rumfar nan ya fi sau goma. Ina kewar kwanakin nan, wallahi. Ana yin musu har jijiyar wuya ta tashi, a tashi a sha fura a ƙwarya ɗaya.

Lokacin man fetur ya yi daraja, kuɗi sun shigo ƙasa, rediyo kullum sai ya ce mun taimaki ƙasa kaza, mun agaza wa maƙwabta kaza. Ni abin yana ƙona mini rai. Nakan ce, mu da ajinmu ba rufi, yara na zaune a ƙasa, me ya kai mu rabon arziki a waje? Namu ne, a bar mana kayanmu.

Hamma yakan yi dariya ya ce, "Malam, shanuna da rani suna kudu, da damina suna Faransa. Ka gaya mini 'yan wace ƙasa ne."

Faransa a bakin tsofaffi ita ce Nijar. Ni kuwa sai in ƙara murya.

Baba Labaran ba ya ɗaga murya. Yana awo yana sauraro. Kuma yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa sayen kananzir a hannunsa ya sani: in ya cika kwalba har wuya, sai ya sake ɗiban ɗan kaɗan a murfin gwangwani ya zuba a fitilar mai saye ko a kwanonsa. Gyara ke nan, irin wadda kowane mai awo yake yi in an roƙa. Bambancin nasa, ba ya jira a roƙa, kuma ba ya duban fuska. Matar dagaci da tsohuwa mai tallan daddawa murfi ɗaya suke samu.

Wata rana na so in kama shi da nasa. Na ce, "Baba, kai da gwamnati jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ku rage wa kanku, ku yi wa na waje kyauta."

Ya ɗaga mazurari ya nuna mini cikinsa, yana ɗiga. Ya ce, "Malam, ka yi boko amma ba ka san gyara ba. Gyara ba kyauta ba ce. Ka ga wanga da ya maƙale? Ka ga kumfar da ke wuyan kwalba? Na mai saye ne, a wurina ya rage. Ba awon da ke cika daidai. Don haka ake gyara shi."

Sannan ya ba mu labarin da yakan bayar in an taɓo Turawa. Yana saurayi yakan kai gyaɗa sikelin kamfani. A cire nauyin buhu, a cire na ƙasa, a cire na danshin da ba wanda ya gani. Su ke da sikeli, su ke yanka farashi, in kuma ka je kantinsu sayen atamfa, su ne dai ke yankawa. Ya ce, "Shekara nawa muna kai musu, ko cikin tafi ba su taɓa gyara mana ba. Yanzu Allah ya sa mudun a hannunmu. In mun yi wa na ƙasa da mu abin da aka yi mana, to me muke ƙorafi a kai?"

Na ce wannan zancen rumfa ne, ba a tafiyar da ƙasa da murfin gwangwani. Aka yi dariya, na ji daɗi.

Sai fari ya zo. Shekara biyu ruwa yana ɗaukewa da wuri, mu nan mun sha wuya, na arewa da mu kuwa sun rasa komai. Buzaye da Fulanin Faransa suka gangaro da abin da ya rage musu na dabbobi, suka kafa bukkoki a bayan gari. A daidai nan kuma kananzir ya yi wuya. Ƙasa mai haƙo mai, amma mota sai ta yi sati uku ba ta zo ba. In duro ya iso, layi har masallaci.

Masu sayar da kananzir na kasuwarmu su shida ne, shugabansu Daudu. Suka zauna suka yanke cewa 'yan gari za a fara sayar wa, baƙi sai abin da ya rage, da tsada, kuma ba gyara. Biyar suka amince. Baba Labaran ya ce shi layi ɗaya ya sani, kwalba ɗaya, murfi ɗaya. Daudu ya gargaɗe shi cewa rumfa ta jama'a ce, wanda ya fita daga maganar jama'a zai fita daga rumfa.

Wata ranar kasuwa, matata Zuwairatu, tana da tsohon ciki, ta bi layinsa tun hantsi. A gabanta akwai wata Buzuwa da goyo. Duro ya zo ƙarshe. Baba Labaran ya karkata shi, ya tatse, ya cika wa Buzuwar kwalba, ragowar ɗigon ya tara a murfi ya zuba mata. Ya dubi Zuwairatu ya ce ta yi haƙuri, ya ƙare. Ta dawo gida da kwalba fayau, ƙafafu a kumbure, tana hawaye.

Na fusata. Ban tsaya tambayar wa ya riga wa zuwa ba. Washegari Daudu ya zo nemana, don ni ke da rubutu mai kyau, ya ce in rubuta musu takardar ƙara zuwa ga dattawan kasuwa. Na rubuta. Na zuba duk abin da nake faɗa a benci: cewa arzikin ƙasa na 'yan ƙasa ne, cewa mai fifita baƙo a kan ɗan gida ba ya cancanci rumfa a tsakiyar gari. Na ƙawata ta sosai. Har yanzu ina jin kunyar yadda na ji daɗin jimlolina.

Aka kira shi gaban dattawa. Ina wurin. Aka ce ba a son a tashe shi, ubansa mutumin kirki ne. Abu ɗaya kawai ake nema: ya ci gaba da sayar wa baƙi in ya ga dama, amma ya daina yi musu gyara, don a nuna akwai bambanci. Murfi ɗaya fa, abin da bai kai cokali uku ba. Kowa ya ɗauka an gama.

Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. In na hana Buzuwar nan gyara, na rage mata awo. Ban iya awo biyu ba."

Wani dattijo ya ce, "Labaran, rumfar ubanka ce fa."

Ya ce, "Na sani, Baba. A cikinta ya koya mini."

Kafin la'asar ya kwashe kwalabensa. Hamma ne ya kama masa duro suka kai gindin tsamiya, inda ba rufi, inda damina ke dukansa. Aka ba ƙanen Daudu rumfar. Wata biyu bayan haka mota ta dawo zuwa a kai a kai, kananzir ya wadata, dokar su Daudu ta mutu ba wanda ya yi jana'izarta. Amma rumfa ba ta dawo ba. Ba wanda ya ce a mayar, shi kuma bai roƙa ba.

Benci ne ya bi shi. Da kaɗan-kaɗan mahauta suka koma, masu gardama suka koma. Ni na yi kusan shekara ina zagaye hanya. Ranar da na daure na je da kwalba, ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi jaririyarmu, ya cika, ya ɗebo murfi ya zuba. Ya ce, "Zauna, Malam, an ce za a cire muku wani abu a albashi don 'yan'uwanmu na Afirka ta Kudu. Na san kana da magana." Ina da ita kuwa. Na zauna na yi ta, kuma shekara goma sha biyar muna wannan musu ba wanda ya ambaci takarda.

Kai ne, Baba Labaran, mai murfi ɗaya. Kai ne ka sayar a farashin jiya ranar da labari ya zo cewa gobe zai tashi, alhali wasu sun kulle duro a ɗaka. Mutanen Runka sun shaida, don ranar suka cika galan suka tafi suna mamaki. Kai ne lokacin da aka rufe iyaka, aka sake wata yunwar, ba ka tambayi kowa takardar ƙasa ba kafin ka cika masa kwalba. Ba ka taɓa shiga jirgi ba, ba ka san inda ake taron masu arzikin mai ba, amma abin da suke kwana suna ja a kai, kai ka yanke shi a tsaye, kuma ka biya da abin da ka gada.

Ban ce na sauka daga ra'ayina duka ba. Har gobe ina ganin ya kamata a rufe ajin yara kafin a yi alfahari a waje, kuma na gaya masa. Abin da na gane shi ne, ni ina magana a kan wa zai samu, shi yana magana a kan awo.

Makon jiya na je gaishe shi a gida. Yana zaune a zaure, ya miƙe ƙafa. Bayan mun gaisa na tambayi gwiwa, na ce, "Baba, takardar nan da aka tashe ka da ita, ni na rubuta."

Ya ce, "Na sani tun ranar. Wa ke da irin wannan Hausa a garin nan in ba kai ba?"

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Na yafe tun tuni. Matarka ta sha rana da ciki, ka yi fushi, ai miji ke nan." Sannan ya ce, "Amma kada in yi maka ƙarya, Malam. Na so in tsufa a rumfar nan. Har yau in zan ratsa kasuwa, ta layin mahauta nake bi, don kada in gan ta."

Na zo da shirin a yafe mini in tashi da sauƙin zuciya, sai na tashi da nauyin da ya fi na da, kuma daidai ne.

Na gode, Baba Labaran. Mutanen Batsari da Safana da suka yi haske da kananzirinka sun gode, da waɗanda suka zo daga nesa ba su san sunanka ba. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu mudu da kwalba da sikeli, da ku masu zama a manyan tebura kuna raba abin da Allah ya binne a ƙasa, ku yi awo ɗaya, ku gyara wa wanda ba zai iya tilasta muku ba. Mu kuwa masu alƙalami, mu dinga tambaya kafin mu rubuta. Takardata ta farko shafi ɗaya ce, ta raba mutum da rumfar ubansa a yini guda. Wannan ta fi ta tsawo, kuma ba za ta mayar masa da ita ba.