Shayin da Muka Dafa da Kashin Shanu

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo a bakin garin Gwarzo tana da ɗakin gwaje-gwaje, amma in ka leƙa ba abin da za ka gani sai busassun kwalabe da gidan zanzaro. Shekarun tsuke bakin aljihu sun riga sun cinye komai. A littafi muke karanta yadda ake kunna wutar gas, mu zana ta da biro, mu ci jarrabawa, alhali ba wanda ya taɓa ganin ta.

Ina aji uku aka turo mana sabon malamin kimiyya, ɗan Kabo, siriri, mai wani tsohon babur da ba ya tashi sai mun tura. Ranar farko ya tambaya, "Wa ke da shanu a gidansu?" Aji ya kwashe da dariya, kowa ya juyo kaina. Mu asalinmu makiyaya ne, kuma dama ana tsokanata wai ina warin garke. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe yaron da ke kusa da ni.

Malam ya ce daga kashin shanu za mu fitar da wutar girki. Ya samo tsohon duro, da tiyo, da tib ɗin tayar mota, da kan wani mataccen risho. Ni aka ɗora wa kawo kashi. Baba ya ce, "Takin zamani ya gagari talaka, shi ne ɗan wanda zan kai gona za ka kwashe wa boko?" Da ƙyar ya bari, bayan na rantse abin da ya rage a duron taki ne, zai dawo masa. Kullum da safe ina tafe da bokiti a ka, yara na bina suna toshe hanci. Muka dama shi da ruwa, muka ɗura, muka liƙe bakin, muka shafa wa duron baƙin fenti don ya sha rana. Da kumfar sabulu muke gano inda iska ke zurara.

To, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, kowa ya zama malami a bakin titi. Wani Alhaji mai shagon kananzir, babba a kwamitin iyaye, ya baza magana cewa ana sa 'ya'yan Musulmi wasa da najasa, har za a dafa musu abinci da ita. Wasu suka hana 'ya'yansu zuwa wajen duron. Shugaban makaranta ya tsorata, ya kira taron iyaye, ya gaya wa Malam ƙiri-ƙiri: in taron ya ƙi, za a kifar da duron, shi kuma a nemi a ɗauke shi daga makarantar. Kuma limamin unguwa zai zo, mutumin da ko dariyarsa ba mu taɓa gani ba. Na ce shi ke nan, an gama da mu.

Ranar taro iyaye suka cika inuwar darbejiya. Har da Baba, wanda bai taɓa taka makarantar ba. Tib ya kumbura tim da iskar gas ɗin da duron ya tara. Malam ya miƙo mini ashana, ya ce, "Kai ka ɗauko kashin a ka, kai za ka kunna."

Na ƙyasta, na kai bakin risho, sai fus, ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Alhaji ya ce, "Ai ga shi nan! Wari kawai." Kunya ta rufe ni. Malam bai ko ɗaga murya ba. Ya ce iskar farko ba ta ci, in bari ta fice. Na bari ta yi ta fita ɗan lokaci, na yi bismillah, na ƙyasta.

Wuta ta kama. Shuɗiya, shiru, ba hayaƙi ko kaɗan. Kai! 'Yan ajinmu suka ɓarke da ihu, wanda ya fi kowa tsokanata ya rungume ni, ya manta da warin garke. Muka ɗora buta, ruwa ya tafasa, Malam ya haɗa shayi ya zuba a kofi. Amma ba wanda ya miƙa hannu.

Alhaji ya juya ga Liman. "Allah gafarta Malam, wannan ai najasa ce aka dafa da ita."

Liman ya tambaye ni, "Yaro, na wace dabba ce?"

"Na shanun Babana ne, Malam."

"Me suke ci?"

"Ciyawa da harawa da dusa."

Liman ya ce, "Alhaji, dabbar da ake cin namanta, kashinta ba najasa ba ne. Wannan tun muna yara aka karantar da mu. Miƙo kofin." Ya kurɓa, ya sake kurɓa, muna kallon maƙogwaronsa. Sannan ya dubi Malam ya ce, "Laifinka ɗaya ne. Sukari ya yi kaɗan."

Dariya ta tashi har da shugaban makaranta, wanda nan take ya fara cewa ai dama shi ya ba da duron. Malam ya juya baya yana gyara tiyon da ba abin da ya same shi, na ga yana share ido da hannun riga. Ba a kifar da duro ba, ba a ɗauke Malam ba. Ni kuwa ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da na karɓi takardar kammala karatun injiniya.

A hanyar gida Baba yana gaba ina baya, har muka hango garke. Sai ya tsaya.

"Gobe nawa malamin naku yake so?"

"Bokiti ɗaya, Baba, kamar kullum."

"Ka kai masa biyu. Kuma ka tafi da jakinmu, ka daina ɗaukowa a ka."