Malam Haladu, Reshen Dugabau Yana Nan

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Haladu, akantan kamfaninmu na taki da hatsi a Gwarzo, bayan jinyar wata biyu. Ni ne Ƙasim, mai riƙe da reshen Dugabau ta ƙasar Kabo, kuma ba zan ɓoye ba: da na ji labarin, na yi kukan rashinka, Malam, na kuma yi kukan kaina.

Shekara uku a jere littattafai suna nuna reshenmu asara yake yi. Mai kamfanin, Alhaji Jibirin, ya riga ya faɗa, a zaman kasafin kuɗin bana zai rufe shi. Mu tara ne a wurin, kowa da iyali. Kai kaɗai kake cewa akwai abin da ba a gani ba, sai ga shi ka tafi saura kwana takwas a zauna.

Na tuna lokacin da ka kawo manhajar nan mai haɗa lissafin rassa biyar wuri ɗaya, a duba shi ta reshe, ko ta kaya, ko ta wata. Ni na fi kowa yi maka tsiya. Na ce mutumin da furfura ta gama da shi ya koma ɗalibin kwamfuta. Ka yi dariya, ka ce, "Ƙasim, ka dai riƙa aiko min da rasit, kada ka naɗe min gyaɗa da shi." Ka kuma dame mu da wata sabuwar doka, wai duk buhun da ya shiga sito a rubuta garin manomin da ya kawo shi. Har a gadon asibiti kana aike a tambaya ko an rubuta. Mun ɗauka fitinar tsufa ce.

Ranar zaman, Sadiya da ke aiki ƙarƙashinka ta buɗe manhajar. Ta reshe, Dugabau na can ƙasa kamar kullum. Sai ta ce, "Alhaji, Malam ya bar wasiyya, a duba ta garin manomi." Da ta juya lissafin, sai gaskiya ta fito. Ashe takin da muke ba manoma bashi da damina a littafinmu yake fita, su kuwa da kaka ba sa dawowa Dugabau. Ranar kasuwar Gwarzo suke loda masarar biya, tunda dama can za su, su sauke a babban sito, a rubuta wa Gwarzo. Mu ke shuka, ana yaba wa wasu.

Alhaji Jibirin ya gama duba lissafin, sannan ya ce, "Allah Ya jiƙan Haladu. A ƙara wa Dugabau taki bana." Wallahi sai a ranar na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Ban samu na nemi gafararka kan tsiyar da na yi maka ba, wannan na damuna. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka hisabi yadda ka sauƙaƙa mana namu. Ga matarsa Hajiya Gwamma da 'ya'yansa, Allah Ya ba ku haƙuri. Gidaje tara a Dugabau suna yi masa addu'a tare da ku.