Jakar da Adda Raliya ta ajiye

Shekara goma sha tara rumfata na jingine da ta Adda Raliya a kasuwar Jimeta. Ita daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa take sayarwa, ni tattasai da albasa. Bafulatanar tsohon garin Yola ce, aure ya kawo ta unguwar Dubeli, mijin ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ta raine su da kwanon awo. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ni kuwa na gama sakandare, kuma ku riƙe wannan, don daga nan ciwona ya samo asali.

Sanyinta har ya yi yawa. Kafin ta gama amsa gaisuwa ɗaya, ni na sallami mutum uku. Duk da haka kowa ita yake nema. Mai tafiya salla ya bar mata buhunsa, matan ƙauye su jibge mata ƙullin kayansu su shiga zagaye. A kasuwarmu in ka ga kayan wani a yashe, ɗauka kake yi ka adana har mai shi ya dawo, kuma a wannan ba wanda ya kama ƙafar Adda.

Bayan bam ya tashi a kasuwar a 2015, 'yan sanda suka fara zuwa wayar mana da kai. Kowace Laraba da hantsi Insifeto Debbie za ta hau benci da lasifika ta yi ta nanata abu ɗaya: jakar da ba mai ita, kada a taɓa, a ja da baya, a sanar. Ni nake zama a gaba da littafina ina rubutawa. In Hausarta ta sarƙe, ni nake warware mata. Da ta ce kowane layi zai zaɓi mutum ɗaya a ba shi usur ya zama idon layin, har na fara tunanin zanen da zan ɗaura ranar.

Matan layinmu suka ɗaga hannu, kusan dukkansu, ga Adda Raliya.

"Ayya, ni ban iya ba," in ji ta. "Ku ba Na'inna, ita ta yi karatu."

"Mama, ba karatu muna nema ba," in ji Debbie. "Wanda mutane suna jin maganan shi muna nema."

Na yi mata Allah ya taya riƙo da murmushi har kunne. Amma gaskiya kishi ya ci ni. Kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba. In ta sunkuya awo usur ɗin ya riƙa lilo a wuyanta, sai in ji kamar da gangan yake yi.

Wata Alhamis bayan azahar, wani mutum mai jar hula ya tsaya tsakanin rumfunanmu, ya taya albasa, ya dire baƙar jaka a ƙasa, ya wuce. Adda ta gama da mai sayen kuka, ta waiwayo ta gan ta.

"Wani bawan Allah ya manta kayansa," ta ce. Ta ɗauka ta tura ƙarƙashin teburinta, kamar yadda ta saba yi tun kafin a haifi wasu 'yan sandan.

Ina kallo. Darasin yana rubuce a littafina da hannuna. Kalma ɗaya ta isa, amma na ja bakina na yi shiru, don wani sanyi da na ji ya sauka a zuciyata: ga mai usur ta yi abin da aka ce kada a yi. Na ci gaba da kasa albasa, ina tsara yadda zan faɗa ranar Laraba a gaban kowa. Kusan awa guda muka yi a haka.

Sai ga Debbie da mai jar hular. Ashe ɗan sanda ne cikin farin kaya, jakar kuma tsumma ne a ciki da rabin bulo. Gwaji suka yi mana. Suka duba inda ya ajiye, babu.

"Wa ya ga jaka a nan?" in ji Debbie.

Kafin Adda ta buɗe baki na riga ta. "Tana ƙarƙashin teburin mai usur," na ce, yadda har masu kifi za su ji.

Adda ta jawo jakar ta miƙa, ta cire usur ɗin, ta rataya mini da hannunta. "Dama ke ya dace da shi," ta ce.

Na zaci na gama da ita ke nan. Ina. Debbie ta tambayi matan wa zai yi abin da Adda ta yi, fiye da rabi suka sunkuyar da kai. Nan ta gane lasifikarta ba ta taɓa wannan ɗabi'ar ba. Mako na gaba Adda ta hau bencin ta ba da labarin kuskurenta, a sanyaye, mutane suka yi dariya sannan suka kasa kunne. Daga nan motar 'yan sanda ta fara zuwa ɗaukarta. Tashar mota, Islamiyya a Luggere, coci a Gwadabawa, cikin Yola kuma ta yi da Fulatanci. Ni ina zaune da usur a wuya ina tsare mata daddawa. Har yau ban busa shi ko sau ɗaya ba.

Yanzu ta tsufa, gwiwa ta hana ta kasuwa, 'yarta Basma ke rumfar. Amma har yanzu makarantu na gayyatarta. Bara ta matsa sai na raka ta wata makarantar 'yan mata. Da ta gama, ta nuna ni ta ce, "Ga ƙanwata mai ido. Ita ta ga abin da ban gani ba." Suka tafa mini. Shekaru ina son wannan tafin, da ya zo kuma sai na rasa inda zan sa fuskata.

A Keke muna komawa, ta daɗe tana kallon hanya. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Na'inna, ranar nan, kin san jakar ta gwaji ce?"

Na so in ce na sani. Da ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda.

"Ban sani ba, Adda."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na ga idonki lokacin da na ɗauka," ta ce. Sannan ta taɓa kafaɗar mai Keken ta ce ya fara sauke ni, gidana ya fi kusa.