Latas a Rabin Jarka

Mun tashi daga Sakkwato bayan sallar asuba a motar zuwa garin Isa, ina rungume da rabin jarka cike da ƙasa da dashen latas. Direba ya so ya ɗaure ta a saman mota, na ce sai dai ya ɗaure mu tare.

Mahaifina zan kai wa. Duk rayuwarsa noman lambu ya yi a fadamar Gatawa, har fari ya ƙafar da rijiyoyi, tsoron 'yan bindiga ya ƙarasa koro su zuwa gidan haya a Sabon Birni. Ƙanwata ta ce tun zuwansu ba ya fita, ba ya cin abincin kirki, yini yake yana kallon bango. Tsoro nake ji kada zaman nan ya kashe shi.

Hanya ba ta kwantar min da hankali ba. Gero ya bushe a tsaye bai fidda kai ba, shanu kuwa kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga mota. Duk inda direba ya rage gudu sai hira ta mutu. Na kasa zama da kyau, rana ta juya in juya, ina kare ganyen da hulata. Ledar ruwa biyu na saya, ban kurɓi ko ɗaya ba, dashen na shayar. Wata dattijuwa ta gaji da zungurin gwiwar hannuna ta ce, "Ɗana, jinjiri na kar riƙo?"

A Isa muka sauya mota. Kuɗin ya ninka na bara, furar tasha kuma ruwa ya fi gero yawa.

Da na ajiye jarkar gaban Baba, ya daɗe yana kallonta.

"Ni da nika ban ruwa da jigo, kak kawo man noma cikin roba?"

Sai ya ɗaga ta ya leƙa gindin.

"Ba ka huda ba?"

Na ce don kada ruwa ya zube ne.

"Saiwa ruɓewa za ta yi, malamin birni."

Ya miƙe da kansa, ya sa ƙusa a wuta, ya huda jarkar, ya ajiye kwano a ƙarƙashi don tare abin da ya ɗiga. Da la'asar ya tara ruwan alwalarsa ya shayar da ita, ya kafa doka: daga yau ba mai zubar da nasa a ƙasa. Ranar ya cinye tuwonsa yana min faɗa.

Na dawo gida da kunya da murna. Na tafi da niyyar koya wa manomi noma, ashe abin da ya rasa shi ne aikin da zai gyara da hannunsa. Jiya ya kira ni, ko gaisuwa bai bari na gama ba.

"Dashenka raggo na. Aiko iri, da jarka biyar. Za ni huda su da kaina."